2 ga Afrilu ta kusa: bana ma shuɗiyar riga da hoto za mu yi mu watse?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta ku ban cika sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Ɗana shekararsa 9, tun yana ɗan shekara 4 likita ya tabbatar mana otizim ne da shi. Shekara uku ke nan a jere duk 2 ga Afrilu, ranar otizim ta duniya, ana kiranmu taro. A raba mana shuɗayen riguna, mu yi tattaki daga shataletale zuwa sakatariya, wani babba ya fito ya ce gwamnati tana tare da mu, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa shinkafa a roba da lemo. Bara har atamfa aka ba mu. Shi kuwa yaron da aka ce taronsa ne, a mota muka ƙare da shi, ya toshe kunnuwa yana kuka saboda ƙarar lasifika. Bayan kwana biyu na koma neman makaranta, ta biyar ke nan, shugabar ta ce min, "Hajiya ki yi haƙuri, iyayen sauran yara za su kwashe 'ya'yansu."

Ni dai na ce bana in za mu fita, mu fita da buƙata guda ɗaya tak a rubuce, wadda za mu iya bibiya mu ce an yi ko ba a yi ba. To wace ce? Sannan mu iyayen masu otizim mu tafi mu kaɗai ne, ko mu shiga cikin ƙungiyar nakasassu a tafi tare?

Abu_Hanifa77:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Don Allah a fahimtar da ni, otizim ɗin nan shi ne galahanga?

Malama_Rabi_Ajin_Musamman:
Malam Abu, a rediyo haka ake kiransa, amma kalmar nan ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Yaron da ya wahala wajen haihuwa ko ciwon shawara ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wuyansa bai tsaya ba, gaɓoɓinsa sun sandare, a ce galahanga. Mai lalurar Down, a ce galahanga. Mai otizim ma haka. Alhali mai otizim sau da yawa jikinsa garau, yana gudu yana hawa katanga. Inda abin yake shi ne mu'amala: a kira sunansa bai waiwaya ba, ba ya nuna abu da yatsa don ka gani, magana ta yi jinkiri ko ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa, ya jera murafen kwalba a layi in ka taɓa ɗaya duniya ta tashi, ƙara ko wari ko taɓin wani yadi ya dame shi fiye da kima. An fi gano shi a maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100.

Ba don gyaran Hausa na kawo wannan ba. Na taɓa bin wasu iyaye wajen wani jami'i, muka gama bayani tsaf, ya ce to kekuna nawa muke so. A kansa duk mai lalura keke yake buƙata. Maman Sadiq, in ba a fara warware wannan ba, duk abin da kuka nema keken guragu za a ba ku.

Injiniya_Mai_Keke:
Malama, keken ma ai ba a ba mu ba, mu muke ƙera abinmu. Ni shan inna ce ta same ni ina ɗan shekara 3, yau shekarata 41, walda nake yi. Hajiya Maman Sadiq, shawarata kada ku ware. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da ake taƙama da ita, ba daga sama ta faɗo ba. Majalisa ta zartar da ita a 2011, ta sake a 2015, Jonathan bai sa hannu ba. Sai a Janairun 2019 Buhari ya sa. Makafi da kurame da guragu da kutare da zabiya ne suka yi ta zarya a Abuja, wasu sun kwana a ƙofar majalisa, wasu sun mutu ba su ga ranar ba. Ku ku nawa ne a jihar nan da kuka san juna? Talatin? Mu in Sarkin Makafi da Sarkin Guragu suka yi kira, titi cika yake. Ɗan siyasa kawuna yake ƙirgawa.

Ummu_Nana:
Injiniya, ba ƙin ta taka na yi ba, amma na je taronku sau biyu. Aka yi ta maganar gangaren hawa bene da guraben aiki da kuɗin tallafi. Da na ɗaga hannu na ce 'yata ba ta magana, wani dattijo ya dube ta tana zagaya ɗakin ya ce, "Wannan ai lafiyarta ƙalau, tarbiyya ce babu." A taron nakasassu fa. Tun ranar ban koma ba.

Injiniya_Mai_Keke:
Wannan kam an yi miki laifi, Allah ya ba ki haƙuri. Mu ma jahilcin yana cikinmu. Amma in kun fita, wa zai koya mana?

Barista_Zee:
Bari in saka abin da dokar ta ce, don mutane da yawa sun ɗauka gangaren keke kawai ta ƙunsa. Ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan kula da karatun masu nakasa. Ta ce mai lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1. An ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Akwai kuma hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan.

Inda gizo ke saƙa: firamare da asibitin unguwa ba a hannun Abuja suke ba, a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Saboda haka abin da za ku fara dubawa shi ne ko jiharku ta yi tata dokar, in ta yi ko an kafa hukumar da za ta aiwatar, in an kafa ko an ba ta ko sisi. Legas tun 2011 take da tata.

Maman Sadiq, wannan shugabar makarantar da ta ce iyaye za su kwashe 'ya'yansu, da kin ce ta rubuta miki a takarda da kin ga yadda murya za ta sauya.

Gaskiya_Ɗaci:
Barista doka a ƙasar nan? Shiga sakatariyar jiharku ki ƙirga matakala. Wa aka taɓa ci tara?

Sadauki_Kd:
An taɓa hukunta wani wuri fa. A Maris ɗin 2024 hukumar filayen jiragen sama ta rufe gidan abincin KFC na filin jirgin Legas bayan an hana wani mai keke zama a ciki.

Gaskiya_Ɗaci:
Ka ƙarasa labarin mana. Ɗan Gbenga Daniel ne, tsohon gwamnan Ogun. Da Injiniya aka kora, ko mai gadi ba za a yi wa faɗa ba.

Injiniya_Mai_Keke:
Ni ai ba a korata, matakalar ce ke yi musu aikin tun daga waje.

Hajiya_Kaka:
'Ya'yana ku yi haƙuri da tsohuwa. Mu a zamaninmu irin yaran nan cewa ake yi ɗan ruwa ne, an yi wa uwar musanya. Wasu kuma shafar aljanu ce. Kun gwada ruƙiyya kuwa? Ba komai ne na asibiti ba.

Maman_Sadiq:
Mama, wallahi babu inda ban je ba. Shekara biyu cur. An yi hayaƙi har yaron ya kamu da tari, an ba mu rubutu, an sa mun yanka baƙin bunsuru, wani ya ce kishiyata ce, alhali ba ni da kishiya a lokacin. Na sayar da ɗan kunnena da sarƙa. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, shekara biyun nan ne, lokacin da ya fi dacewa a fara koya masa magana. Yanzu da katin hotuna yake nuna min yana son ruwa ko banɗaki, kuma wata malama ce ta koya mana cikin wata uku.

Malam_Sani_Mai_Allo:
Hajiya Kaka Allah ya ƙara girma. Addu'a ba ta faɗa da asibiti, ni ma ina yi wa yara tofi. Amma duk wanda ya ce zai doki yaro ko ya turara shi don aljani ya fita, ya zalunci yaron, kuma zai amsa a gaban Allah. Maganar ɗan ruwa kuwa ba ta da asali a addini, kuma mun san abin da ta jawo a da, ana kai jariri bakin kogi a ajiye.

Ku tuna farkon Suratu Abasa a kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman ilimi. Ba sadaka ya zo nema ba, karatu. Shi ne kuma ya zama ladan, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Mu kuma muka mayar da mai nakasa abin neman lada a bakin masallaci. Maman Sadiq, in kun rubuta bayani gajere da Hausa, ni zan kai wa limamai huɗu da na sani su sa a huɗuba Juma'ar da ke gaban ranar. Wannan ba ya buƙatar kasafin kowa.

Gaskiya_Ɗaci:
To amma me ya sa da ba mu san abin nan ba sai yanzu? Tun da aka cika yara da allurai aka fara ganinsa. Ɗan yayata lafiya lau yake yana cewa mama da baba, aka yi masa allura, ya yi shiru.

Nas_Hadiza:
Allah ya sa kada wannan maganar ta fita daga nan ta shiga unguwa. Asalinta wani likitan Ingila ne, Andrew Wakefield, da ya wallafa a 1998 cewa allurar ƙyanda tana da alaƙa da otizim. Aka bincika aka gano ya yi coge, a 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke lasisinsa. Bayan nan an bibiyi dubban ɗaruruwan yara a ƙasashe daban-daban ba a ga alaƙa ba. Abin da ya sami ɗan yayarka sananne ne: wasu masu otizim sukan fara 'yan kalmomi sannan su ɓace tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, lokacin da ya zo daidai da wasu allurai. Gado yana da hannu sosai a ciki. Da kuma akwai su, sunansu ne daban: dolo, gaula, wawan unguwa, "ai haka Allah ya yi shi".

Injiniya_Mai_Keke:
Gaskiya_Ɗaci, zo shagona in nuna maka abin da rashin allura ke yi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda irin wannan jita-jita, kusan shekara guda. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne, wasu ni nake koya musu walda. Sai a 2020 aka ce mun rabu da ita. Kada ka ƙara mana yawa, mun isa.

Kurma_Mai_Digiri:
Wani ya turo saƙon murya na minti shida a sama, an goge ko ba a goge ba ni dai ban san me ya ce ba. Roƙo: a rukunin da ake maganar haƙƙin nakasassu, a rubuta. Taron bara ma da kuke magana na je, ba mai fassara da maganar hannu. Na tafa da na ga ana tafi.

Admin_Bashir:
An karɓi gyara. Daga yau duk mai turo murya ya biyo da rubutu. A koma kan tambayar Maman Sadiq don Allah.

Shiru_Shiru:
Ban taɓa rubutu a nan ba. Shekarata 27, ina gyaran kwamfuta da waya. Sai da na kai 24 wani likitan ƙwaƙwalwa ya gaya min otizim ne da ni. Kafin nan sunana mai girman kai, mara gaisuwa, miskili. A makarantar allo da ta boko na sha bulala saboda ba na kallon idon malami, a gida kuma saboda ba na cin tuwo in miya ta taɓa shi.

Abu biyu. Na farko, duk wanda ya ce "Allah ya ba shi lafiya" na san da alheri yake nufi, amma ni ba ciwo nake yi ba, haka kaina yake aiki. Na biyu, wa ya ce muku tattaki da ganga da lasifika muke so? Ba a taɓa tambayarmu ba. In za ku je wajen hukuma ku tafi da irinmu mu yi magana da bakinmu, ko mu rubuta. Kun ga yaron nan Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke da ya shiga kundin Guinness da zane mafi girma, wanda aka baje a dandalin Eagle Square na Abuja ranar 2 ga Afrilun 2025, yana ɗan shekara 15. An ba shi fenti da fili ne, ba shinkafa a roba ba.

Baban_Khalifa:
Ɗana Shiru_Shiru, na ji daɗin rubutunka, Allah ya yi maka albarka. Amma ka bar ni in faɗi nawa. Khalifa shekararsa 19. Bai taɓa cewa baba ba. Yana cizon hannunsa har jini, in abin ya motsa sai mu biyu muke riƙe shi, yanzu ya fi ni ƙarfi. Yana da farfaɗiya a kai, maganin wata ya ninka kuɗinsa cikin shekara biyu. Sau uku yana ficewa da dare, sau ɗaya a tasha aka tsince shi yara suna jifansa. Kai kana iya rubuta abin da ke damunka. Shi ni ne bakinsa. In an ce ba ciwo ba ne, jami'in gwamnati zai ce to me kuke nema.

Kuma duk lokacin da aka nuna mai zane ko mai lissafi a talabijin, washegari sai wani ya tambaye ni, "Shi naka mece ce baiwarsa?" Ba shi da ita. Mutum ne kawai, kuma ya isa a kula da shi a hakan.

Ku kuna maganar makaranta, ni na wuce nan. Shekarata 63, mahaifiyarsa tana da hawan jini. Tambayar da ke hana ni barci ita ce ranar da muka mutu wa zai karɓe shi. 'Yan'uwa sun ba ni shawara in kai shi gidan mari. Na ga hotunan waɗanda 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Na ce ko bayan raina ban yafe ba.

Shiru_Shiru:
Baba, ban yi nufin in yi magana a madadin Khalifa ba. Ka yi haƙuri. Abin da nake nufi, a tafi da ni da kai duka. Amma abu ɗaya: in yana cizon hannu, a duba haƙoransa da cikinsa da kunnensa. Ni in wani wuri yana min ciwo ba na iya gane ko ina ne, sai dai in ji kamar in fasa bango.

Baban_Khalifa:
Haƙori kam ba mu taɓa dubawa ba. Ban ma san likitan da zai yarda ya buɗe masa baki ba. Na gode ɗana.

Ummu_Nana:
Baban Khalifa ka sa ni hawaye. Kuma Allah ya saka maka da ka zauna. Rabin matan da nake haɗuwa da su a layin asibiti an sake su ne, dangin miji sun ce daga wajenta aka kwaso. Mu masu 'ya'ya mata kuma akwai wani tsoron da ba a faɗa. Nana ta kai 12, ta fara al'ada, ba ta san ta rufe jiki ba, ba za ta iya faɗin wanda ya taɓa ta ba. Ko shagon kan layi ba na aikenta. A bar wannan ma a rubuta a takardar.

Ƴar_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Mu nan Nijar tun 1993 akwai dokar da ta ware kashi 5 cikin 100 na aiki ga naƙasassu, kun ga mun riga ku a takarda. Amma zancen otizim sai a Yamai ake jin shi. Ɗan ƙanena an kore shi daga lakwal, mushen ya ce aji mai yara tamanin ba ya iyawa da shi, kuma gaskiya ban ga laifin mushen ba. Tafiya Yamai ganin likita, kuɗin mota kaɗai jikkuna ne masu yawa. Wasu Kano suke zuwa don ta fi kusa. In kun yi takardar bayani da Hausa ku turo muna, mu ma mu kai gidajen rediyo.

Ɗan_Nima:
Daga Accra nake bin ku. Gana ta yi dokarta a 2006, aka ba gine-gine shekara 10, ta cika a 2016, har yau matakala na nan. Abin da ya ɗan yi aiki shi ne kason da ake warewa nakasassu daga kuɗin gundumomi, mutum ya je ofishin gunduma ya cike takarda a ba shi jari ko kuɗin makaranta. Yana makara, akwai sanayya, amma aƙalla akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Cibiyar otizim da aka fi sani a nan ma uwa ce ta kafa ta saboda ɗanta. Iyaye mata ne ke fara komai.

Bahaɗeje:
Ni dai kuɗi a hannu na gani ya yi aiki. A Jigawa zamanin Sule Lamido aka fara ba nakasassu naira 7,000 duk wata. A lokacin kuɗi ne, na san waɗanda suka bar bara saboda shi. Ku nemi alawus ga mai kula da yaron. Uwar da ta bar aiki ko sana'a don ta zauna da shi, aikin gwamnati take yi kyauta.

Gaskiya_Ɗaci:
Ranar da aka ce akwai alawus, jerin sunayen zai cika da 'ya'yan kansila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamar ƙungiyoyin nan da ke ɗaukar hoton yaranku su tura Turai.

Malama_Rabi_Ajin_Musamman:
A nan kam ban ƙi taka ba. Shi ya sa na fi son abin da ba ya shiga aljihu. Malaman ilimi na musamman akwai su. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo tun 1977 take yaye su, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero duk suna da sashen. Amma je ka ga inda suke: ɗaya tana koyar da lissafi a aji uku, ɗaya yana sayar da kati. Makarantunmu na musamman irin su Tudun Maliki a Kano ko ta makafi a Gindiri, kan kurame da makafi aka gina su, kuma sun yi aiki. Mai otizim ba shi da gurbi a can, ba shi da shi a nan. Buƙatata ɗaya: kowace ƙaramar hukuma a zaɓi firamare ɗaya, a ware ɗaki ɗaya, a turo malamai biyu da suka karanci fannin, yara kada su wuce goma. Ba sabon gini, ba kwangila. Sauya wurin aiki ne kawai.

Nas_Hadiza:
Ni kuma zan ja ta baya kaɗan. Maman Sadiq ta yi asarar shekara biyu don ba wanda ya gaya mata. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT, ana yi wa uwar yaro ɗan wata 16 zuwa 30: yana nuna abu da yatsa, yana waiwayowa in an kira shi, yana kawo miki abu ki gani. Minti biyar. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a tura gaba. Uwaye suna zuwa awo da allurar ƙyanda ta biyu, a nan za a kama su. A fassara ta, a koya wa ma'aikatan asibitin unguwa.

Malama_Rabi_Ajin_Musamman:
Nas, in kin gano su kuma ki tura su ina? Masu koyar da magana nawa ne a jihar? Kin tayar wa uwa da hankali kin sallame ta.

Nas_Hadiza:
In ba a gano su ba kuma, ajin naki da wa za a cika shi? Kuma da wace ƙididdiga za ku je gaban kwamishina?

Tsohon_Akawun_Majalisa:
Na yi shekara 28 a majalisar jiha, bari in rage muku wahala. Duk abin da aka yi muku alkawari a Afrilu, iska ce, don kasafin shekarar an riga an sa masa hannu. Ma'aikatu suna haɗa na baɗi ne daga wajen Agusta zuwa Oktoba, gwamna ya kai majalisa, kwamitoci su kira kare kasafi. Afrilu ta ku ce ta miƙa takarda a buga mata hatimin karɓa, ku riƙe kwafi. Kada ku rubuta "a tallafa mana", wannan shi ke haifar da atamfa. Ku rubuta abu mai lamba: ɗakuna kaza, malamai kaza, a makarantu kaza. Ku kai wa shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya, da shugaban kwamitin ilimi na majalisa, ba matar gwamna ba. Ku samo ɗan majalisa ɗaya da abin ya shafi gidansa. Akwai su, ɓoye yaran suke yi a bayan gida ko su kai su waje. In ya shiga kasafi ma ba a gama ba, sakin kuɗin wani yaƙin ne.

Shawarar Malama Rabi ta fi sauƙin wucewa don takardar canjin wurin aiki ce kawai. Ta Nas sai an haɗa da hukumar lafiya matakin farko. Ta Baban Khalifa ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ba wanda zai taɓa, don ba ta da ranar yanke kyalle.

Barista_Zee:
Ƙari kan na Baba Akawu: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa masu nakasa cikin rukunin marasa ƙarfi da ya kamata a biya musu. Baban Khalifa, je ka ofishin hukumar inshorar jiharku ka tambayi yadda ake shiga wannan rukunin, ka tafi da takardar likita. Takardar koken kuma ni zan rubuta kyauta.

Maman_Sadiq:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Zuciyata ta fi karkata ga ɗakin Malama Rabi, ƙila don shi ne ciwona yau. Amma in na tuna Khalifa sai in ga kamar kaina kawai nake yi wa, bayan shekara goma ni ce a wurin Baba. Injiniya, za mu zo wajenku, da sharaɗin a ba mu minti goma mu yi wa shugabanninku bayani kafin a fita, kuma ba lasifika kusa da yara. Ummu Nana ki daure ki zo. Wa yake da wurin da za mu zauna Asabar?

Abu_Hanifa77:
Akwai ɗakin taro a saman shagonmu, kyauta.

Injiniya_Mai_Keke:
A saman.

Abu_Hanifa77:
Subhanallahi. Na tuba. Bari in tambayi mai makarantar Islamiyyar layinmu, tasu a ƙasa take.

Kurma_Mai_Digiri:
Zan zo da mai fassarata, amma a haɗa mata kuɗin mota.

Ummu_Nana:
Ni har yanzu ban yarda buƙata ɗaya ta isa ba. A sa biyu.

Baban_Khalifa:
Ku sa bayan la'asar, lokacin ya fi natsuwa. In na samu wanda zai zauna da shi zan zo, in ban samu ba Barista ta turo min takardar in sa hannu.